Dundufar Birmingham

Yini ɗaya aka yi ana ɗaukar faifan da ake cewa shi ne mafarin kiɗan hebi metal. Ba wata ba, ba mako ba. Samari huɗu ne suka sauke kayansu daga mota a Landan, a ƙarshe-ƙarshen shekarar 1969, suka shiga wani ɗan ƙaramin situdiyo mai suna Regent Sound, suka kaɗa waƙoƙin da suka saba kaɗawa a gidajen rawa, kimanin awa 12, suka naɗe wayoyinsu suka fita. Washegari suna kan hanyar Suwizalan, don akwai wasan da aka yi musu alkawarin ƴan kuɗi a can, kuma a lissafinsu wasan ya fi faifan muhimmanci. Ko tsayawa ba su yi ba su ji yadda za a tace sautin. Sunan ƙungiyar Black Sabbath, sunan faifan Black Sabbath, sunan waƙar farko ma Black Sabbath, kamar mutumin da riga ɗaya gare shi, da ita zai je kasuwa, da ita zai je biki.

Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Bahaushe ɗan Damagaram, ina shi ina kiɗan da ko a ƙasar da aka haife shi iyaye toshe kunne suke yi? Amsar tana cikin sunan kiɗan. In aka juya shi da Hausa, ƙarfe mai nauyi ke nan, ni kuwa a gidan maƙera aka yanke mini cibi. Mu maƙeran baƙi ne, ba na fari masu zobe da warwaro ba. Namu garma ne da gatari da lauje. Tun kafin a kai ni makarantar allo na san muryar ƙarfe. Na san yadda zuga-zugi ke numfashi kamar tsohon da ya hau tudu, na san bambancin amon ƙarfen da ya nuna da na wanda ya fara hucewa, na san yadda Baba ke taɓa wuri da ƙaramar guduma, manyan masaba biyu su biyo baya, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Wanda bai girma a ciki ba hayaniya yake ji. Mu kuwa da amon muke sanin ko aiki na tafiya daidai, ko da muna bayan katanga.

Saboda haka ranar da na fara jin faifan nan, a Yamai, a salular wani abokin ɗakina ɗan Agadas lokacin muna jami'a, ban ji baƙon abu ba. Ruwan sama ya fara zuba, aka yi tsawa, wata ƙararrawa tana bugawa can nesa, sannan gita da ganga suka faɗo tare, dam, suka bar amon ya yi ta yawo har ya kusa mutuwa kafin su sake faɗowa. Haka ake dukan ƙarfe mai kauri. Ba a gaggawa, akan bar nauyin masabar ya yi aikin. Turancin Ingila a lokacin sai abin da ba a rasa ba, mu ƴan Faransanci ne, don haka kalmomin suka wuce ni, amon ya tsaya. Daga baya na bi diddigin mutanen.

Masu kallon ƙwallo sun san Aston Villa. To Aston ɗin unguwa ce a birnin Birmingham, a tsakiyar Ingila, kuma nan ne samarin huɗu suka tashi: Tony Iommi mai gita, Geezer Butler mai gitar bas wadda ke riƙe ƙasan kiɗa, Bill Ward mai ganguna, da Ozzy Osbourne mawaƙi. Uku an haife su a 1948, Butler a 1949. Birmingham garin masana'antu ne, garin narka ƙarfe da ƙera motoci da bindigogi, har yankin da ke maƙwabtaka da shi Baƙar Ƙasa ake ce masa saboda kwal da hayaƙi. Shi ya sa jiragen Jamus suka yi masa ruwan bama-bamai a yaƙin duniya na biyu, yaran da aka haifa bayan yaƙin kuwa a kangayen da bam ya bari suka yi wasan ɓuya. A irin wannan unguwa yaro kan bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya bi ubansa masana'anta, ya fito da furfura. A daidai shekarun da samarin Kalifoniya ke soka furanni a gashi suna waƙar soyayya da zaman lafiya, waɗannan tagar ɗakinsu bututun hayaƙi take kallo.

Ozzy ya taɓa ayyuka iri-iri bai zauna ba. Ya yi aikin gwada hon ɗin mota a wata masana'anta, ya yi aiki a mayanka, ya gwada sata ma ba ta karɓe shi ba, ta kai shi gidan kaso na ƴan makonni. Iommi kuwa walda yake yi a masana'antar fallayen ƙarfe. Wani lokaci nakan yi dariya ni kaɗai in na tuna cewa a ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta, dundufa ta maƙera ce, kalangu na mahauta, amma makaɗi daban, mai sana'a daban. Maƙeri ba ya kaɗa wa kansa. A Aston sai ga maƙeri da mahauci sun rasa mai yi musu kiɗa, suka ɗauki kayan suka yi wa kansu.

Labarin yatsun Iommi shi ne wanda kowa ke bayarwa, kuma ya cancanci a ba da shi a tsanake, don masu ba da shi kan sa masa gishiri. Yana ɗan shekara 17 ya samu gurbi a wata ƙungiyar kiɗa da za ta tafi wasa ƙasashen waje, ya ba da sanarwar barin aiki. Ranar ƙarshe ya zo gida cin abincin rana, ya ce ba zai koma ba, mahaifiyarsa ta ce ya koma ya ƙarasa yininsa yadda ya kamata. Ya koma. Wanda ke kula da injin lanƙwasa ƙarfe bai zo aiki ba a ranar, aka ce Iommi ya tsaya a wurinsa, injin da bai saba da shi ba. Injin ya sauko ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa. Ga yawancin masu gita wannan da ɗan sauƙi, don hannun dama karta tsarkiya kawai yake yi. Amma Iommi bahago ne. Hannun daman nan shi ne mai danna tsarkiya a wuyan gita, wato daidai kan yatsun da suka tafi su ne masu magana. A gidan likita aka ce masa ya manta da kiɗa.

Wani shugabansa na masana'antar ne ya zo duba shi da faifan Django Reinhardt, makaɗin jaz haifaffen Beljiyam, wanda gobara ta shanye wa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, ya ci gaba da kiɗa da sauran. Mutane kan tsaya a nan su ce ga darasi, kada a fid da rai. Ni abin da ya biyo baya ya fi kama ni, don aikin maƙeri ne tsantsa. Ya samo robar sabulun wanke kwanuka ya narka ta, ya dunƙula, ya huda ta da ƙarfe mai zafi har ta zauna a kan dungun yatsan, ya yi ta gurza ta har ta yi siffa, sannan ya yanko fata daga wata tsohuwar rigarsa ya manna a kai, don roba tsura santsi take yi a kan waya. Ya samu yatsu, amma yatsun da ba su ji. Ba ya sanin ya danna daidai sai kunnensa ya gaya masa. Tsarkiyoyin gita na lokacin kuma masu kauri ne, danna su azaba ce, sai ya koma yana haɗawa da na banjo, waɗanda suka fi siriri. Abin da ke buƙatar yatsu huɗu a baje ya rage shi, ya dogara da dunƙulallen amo na tsarkiya biyu, mai kauri, marar ado.

Gishirin da nake cewa shi ne, za ka ji ana faɗin saboda yatsun ne ya sassauta tsarkiyoyi, amon ya yi ƙasa, shi ya sa faifan farko ya yi duhu. Sassautawar gaskiya ce, amma sai a faifai na uku, Master of Reality na 1971, ta bayyana sosai. A faifan farko gitarsa a ɗaure take kamar ta kowa. Nauyin da ake ji a ciki daga wani wuri ya fito. Daga jinkiri ya fito, da kuma Butler, wanda da can mai gita ne, dole ta sa ya ɗauki bas, sai ya riƙa bin sawun Iommi taku-taku maimakon ya kama tasa hanya, amon ya zama biyu a cikin ɗaya, kamar masaba biyu da suka sauka a wuri guda. Ga kuma Ward, wanda makaɗan jaz ya tashi yana saurare, ba ya bugun fareti, yakan ja baya ya bar rami sannan ya cika shi.

Abokin nan nawa ɗan Agadas, da na ba shi wannan labari, ko gezau bai yi ba. Ya ce ai mu ma muna da bahagonmu. Yana nufin Mdou Moctar, wanda ya ƙera gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula kafin wani kamfanin waje ya san da shi. Kiɗan nasu ba iri ɗaya ba ne, na Agadas gudu yake kamar raƙumin da ya hango gida, na Aston tafiyar mai ɗauke da kaya ce. Amma na gane abin da yake nufi.

Yini ɗaya ɗin nan kuma kada ya ruɗe mu. Sun haɗu tun 1968, suna kiɗan buluz irin na baƙaƙen fatar Amurka, da sunan Earth. Iommi ya ɗan bar su a ƙarshen shekarar ya shiga Jethro Tull, ƙungiyar da ta riga su yin suna, bai jima ba ya dawo, amma ya dawo da abu guda: ya ga waɗancan da safe suke fara gwaji, kan lokaci, kamar masu zuwa aiki. Ya ɗora wa abokansa wannan doka. Sannan a 1969 suka yi zaman Hamburg ta Jamus, a gidan rawan Star-Club inda Beatles suka yi nasu zaman a 1962, suna hawa dandali sau da yawa a dare ɗaya. Waƙoƙinsu ba su kai su cika wannan lokaci ba, dole suka riƙa jan kowace kamar danƙo, mai gita ya yi ta yawo shi kaɗai, mai ganga ya karɓa, kuma a cikin yawon nan ne sababbin waƙoƙi suka riƙa faɗowa. Kafin su ga ƙofar Regent Sound sun kaɗa waɗannan waƙoƙi a gaban mashaya da masu gyangyaɗi da kujerun da ba kowa, har sun zauna musu a hannu. Baba kan gama gatari kafin a sha shayi na biyu, mai saye ya ce kuɗin ya yi yawa ga aikin ɗan lokaci. Baba ba ya tanka masa, sai ya miƙa masa masabar.

Sunan ma a hanya suka tsince shi. Akwai wata ƙungiyar mai suna Earth, ana ta rikita su, dole su sake. Akwai kuma wani fim na ban tsoro na 1963, na Ba'italiye Mario Bava, wanda Boris Karloff ya fito a ciki, sunansa Black Sabbath. Su da kansu sun sha faɗa cewa abin da ya ɗaure musu kai shi ne yadda mutane ke jan layi a silima su biya kuɗi don a tsorata su. Suka ce to me zai hana a yi kiɗan da zai yi wannan aiki? Lissafin talaka ne mai neman abin da kasuwa ba ta da shi. Waƙar da ta ɗauki sunan a kan amo uku kacal aka kafa ta, kuma tazarar da ke tsakanin biyu daga ciki irin wadda kunne ba ya samun wurin zama ce, kullum jira yake a sauke shi, ba a sauke shi ba. Masana kiɗan Turai na da sun yi wa tazarar laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa. Butler ya ce yana kwaikwayon wani yanki ne na kiɗan da Gustav Holst ya tsara wa duniyar Mars, washegari Iommi ya zo da nasa. Abin da waƙar ke faɗa kuwa, mutum ne ya ga wata baƙar siffa a gabansa, ya firgita, yana neman gudu, yana kiran Allah ya cece shi. Butler, wanda ya tashi a gidan Katolika ƴan asalin Ailan masu riƙo da addini, ya ce shi abin ya faru da shi: ya farka cikin dare ya ga siffar tsaye a ƙarshen gadonsa, a lokacin da ya ɗan tsoma hannu cikin littattafan tsafi, kuma daga daren ya watsar da su. Duk wanda dannau ya taɓa dannewa ya san wannan dare.

Ranar ɗaukar, furodusan da aka ba su, Rodger Bain, ya yi abin da ya fi kowane wayo, ya bar su. Suka jera kayansu kamar a dandali, suka kaɗa tare a lokaci guda, Ozzy na cikin wani ɗan akurki a gefe yana waƙa don kada ganguna su cinye muryarsa. Yawancin waƙoƙin ba a maimaita su ba. Ana cikin haka gitar da Iommi ya fi so, farar Fender Stratocaster, ta lalace bayan waƙa ɗaya. Ƴar na'urar da ke zuƙo amon tsarkiya ce ta mutu. Babu lokacin gyara, babu kuɗin ƙarin yini. Ya jawo ta ajiya, Gibson SG, wadda bai saba da ita ba, ya ƙarasa da ita. Muryar SG ta fi kauri, ta fi duhu, kuma ita ce ta zama muryarsa har tsufa. Wanda ya kasa kunne da kyau zai ji ɗakin kansa a cikin faifan, zai ji inda gudu ya ɗan ƙaru don jini ya hau, da inda murya ta ɗan kauce aka bar ta. Irin abin da nake ji ke nan a tsofaffin kaset na Shata, inda ƴan amshi kan shigo da ɗan jinkiri, kalangu bai fasa ba. Shekara 21 bayan haka Metallica, ƴaƴan wannan kiɗa, sun shiga situdiyo a Oktoban 1990 ba su fito ba sai Yunin 1991, ana ɗinka bugun ganga guntu-guntu. Faifan ya yi kyau, ya sayu miliyoyi, amma ni ba na jin warin gumin kowa a ciki.

Daga nan aikin ya bar hannunsu, kuma wannan rabin labarin ne ya fi damuna. Ruwan sama da tsawa da ƙararrawar nan da suka fara kama ni a Yamai, ba su suka sa ba, bayan sun tafi aka ƙara. Wannan kam an kyauta. Hoton bangon faifan, wata mace cikin baƙin mayafi tsaye gaban wani tsohon gidan niƙa mai aiki da ruwa a Mapledurham, bakin kogin Thames, shi ma ba su suka ɗauko ba. Ranar fitowa, Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, kamfanin Vertigo ne ya tsayar, Turawa kuwa na camfa Juma'ar da ta faɗo ran 13 ga wata. Sai kuma babbar: in aka buɗe bangon, a ciki an zana gicciye a kife, alamar da mutanen can ke ɗauka ta masu bautar Shaiɗan ce. Ba a tambaye su ba. Sai da aka gama bugawa suka gani.

Ka duba wannan ciniki, mai karatu. Yara huɗu sun yi waƙar mutumin da ya ga abin tsoro ya nemi tsari, ƴan kasuwa suka naɗe ta a takardar da ke cewa ga masu kiran abin tsoron. Kuma takardar ta fi waƙar tafiya. Masu tsafi na gaske suka fara bibiyarsu, har aka gayyace su wasa a Stonehenge, wurin tsofaffin duwatsun nan na Ingila, suka ƙi. A cewarsu aka yi musu baki, sai mahaifin Ozzy, wanda shi ma ma'aikacin ƙarfe ne, ya ƙera musu gicciye kowa ya rataya a wuya, a miƙe ba a kife ba. Ba ina wanke su ba ne tas. Sun ga sunan na kawo kuɗi sun bar shi, Ozzy ma daga baya ya mai da shi rigar sawa, ga shaye-shayen da ya kusa hallaka su, wanda su da bakinsu suka faɗa. Ni Musulmi ne, akwai abubuwa da yawa a rayuwarsu da ba zan so wa ɗana ba. Amma wannan ciniki tun a gida na san shi. Maƙeri kan ƙera wuƙa don yankan albasa, a kasuwa dillali ya ce ta sha magani, ya ninka kuɗin. In aka yi ɓarna da ita kuma a ce ai maƙera dama mutanen asiri ne.

Masu sharhi a jaridu suka yi wa faifan kaca-kaca. Lester Bangs na mujallar Rolling Stone ya ce kwaikwayon ƙungiyar Cream ne, kuma kwaikwayon bai yi ba. Gidajen rediyo ba su cika sa shi ba. Duk da haka ya hau har mataki na 8 a jerin fayafayan da aka fi saye a Ingila, da ya isa Amurka a watan Yuni ta hannun Warner Bros. ya kai na 23, ya kuma shekara yana cikin jerin. Da yawa cikin masu sayen ba masu karanta sharhi ba ne, yara ne irinsu da suka gan su a ƙananan gidajen rawa suka gaya wa abokai. Wata bakwai bayan haka suka fitar da Paranoid, ya zama na ɗaya a Ingila. Kuɗin kuwa, kamar yadda aka saba, ya bi ta wasu aljihunan. A tsakiyar shekarun 1970 suna ta shari'a da masu kula da harkarsu.

In don ni ne, ba zan ce faifan ya cika goma ba. Waƙoƙi 7 ne a bugun Ingila, biyu daga ciki na wasu ne suka ara. Fuska ta farko ƙarfe ce da ta nuna, tun daga Black Sabbath, zuwa The Wizard da Ozzy ke busa harmonika, har N.I.B. da bas ke buɗewa ita kaɗai. A fuska ta biyu akwai inda wuta ta yi sanyi. Warning ta haura minti 10, babban kasonta Iommi ne ke yawo shi kaɗai irin na daren Hamburg, abin da ke da daɗi in kana cikin ɗakin, amma a faifai yakan sa ka duba agogo. Paranoid ya fi shi tsari nesa ba kusa ba. Sai dai in aka ce in ɗauki ɗaya, na farkon zan ɗauka, don a cikinsa ba su san abin da suke ƙerawa ba tukuna. Su kansu ba su kira shi hebi metal ba, wasu ne suka raɗa masa daga baya.

Dalilin da ya mai da ni kan faifan a ƴan shekarun nan ba na nishaɗi ba ne. Autanmu bai zauna a maƙerar Baba ba, ya ce zamani ya wuce zuga-zugi, ya tafi Maraɗi wani shagon walda inda ake ƙera ƙofofi da tagogi. Wata ranar Laraba injin yankan ƙarfe ya ɗauke masa kan yatsu biyu na hannun dama, manuni da na tsakiya. Maigidan ya biya kuɗin ɗinki, ya ba shi jaka goma, ya ce Allah ya kiyaye gaba, kafin mako ya zagayo wani yaron na tsaye a wurinsa. Ya dawo Damagaram yana ɗan shekara 22, ya shige ɗaki. Ciwon ya warke cikin wata biyu, shi bai fito ba. Hannun kullum cikin aljihu, in dole ta sa ya gaisa sai ya dunƙule shi ya miƙa wuyan hannu. Ya daina zuwa fada, ya daina cin abinci a kwano ɗaya da mu, abin da ya fi komai yi wa Inna ciwo. Dungun yatsun ba su jure taɓa ƙarfe. In ya riƙe guduma ya buga, girgizar kan hau masa har kafaɗa.

Wa'azin haƙuri ya sha shi har ya ƙoshi, daga malamai da dangi da maƙwabta, don haka ban ƙara masa ba. Na zo hutu, na zauna a bakin katifarsa na kunna faifan. Bai kai minti biyu ba ya ce, "Yaya, don Allah rage wannan hayaniyar." Na rage. Na ce mai gitar nan yatsunsa biyu babu kai, inji ya cinye. Ya ce, "To sai me? Shi Bature ne, ana biyansu." Ban yi masa musu ba, na nuna masa hoton hannun a salula. Ya karɓa da hagu, ya buɗa hoton, ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Wannan na saman fata ce ko roba?" Na ce roba a ciki, fata a waje. Ya ce, "Dole. Roba kaɗai zamewa za ta yi." Ya sake dubawa, ya ce fatar ta yi kauri, in shi ne ta akuya zai sa, wadda ta sha jima, kuma ba manna ta zai yi ba, ɗinke ta zai yi, don gumi na cin gam. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawon haka tun kafin Maraɗi.

Bayan kwana uku Inna ta ce mini ya fita da safe, wai ya tafi wajen dukawa. Na farkon da suka ɗinka masa ya matse, na biyu ya yi ta zamewa, sai da ya sa aka yi masa ɗamara mai zagaye wuyan hannu, ya cusa auduga a ciki. Bai koma ƙofofi da tagogi ba, kuma har yau ba ya iya yini da babbar masaba. Ƙananan ayyuka yake yi a gefen Baba, wuƙaƙe da almakashi da linzami, a kan rabin abin da yake samu a da. Faifan kuwa har gobe bai shiga ransa ba. Ya ce mai gangar ya iya, ya san inda ake barin ƙarfe ya huta, amma mawaƙin kamar wanda aka taka wa ƙafa.

Ran 5 ga Yulin 2025 mutanen huɗu suka sake hawa dandali tare a filin ƙwallon Villa Park, cikin unguwar da suka tashi, wasan bankwana. Ozzy a zaune ya yi waƙa, cutar karkarwa ta Parkinson ta hana shi tsayuwa, kwana 17 bayan haka ya bar duniya yana da shekara 76. Na samu wani guntun bidiyon wasan inda kyamara ta matso kan hannun Iommi, tsoho ɗan shekara 77, kan yatsun nan biyu sanye da hulunansu, na tura wa autanmu ta WhatsApp. Sai dare ya amsa, da saƙon murya, ana jin Baba na magana da wani a bayansa. Ya ce, "Yaya, na gani. Ashe har yanzu mannawa yake yi. Ka ce masa ya ɗinke."